"Da Sauƙi": Zama da Sankarar Mama Bayan Ta Bazu

A ƙasar Hausa marar lafiya ba shi da amsa biyu. Ka shiga ɗaki ka tarar da mutum ya dunƙule, gumi na karyo masa, ka ce "ya jiki?" zai ɗago ya ce maka "da sauƙi." Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma akwai kyau a ciki: akwai haƙuri, akwai godiyar Allah, akwai kunyar ɗora wa baƙo nauyi. Amma na daɗe ina juya irin cutar da wannan amsa take yi wa mace guda, wadda likita ya ɗaga hotonta ya duba ya ce sankarar mamanta ta bazu.

A ɗakin wata yayata, 'yar wan mahaifinmu, na fara lura da haka. A lokacin shekara huɗu ke nan da aka cire mata nono, aka yi kemo, wato maganin daji na ƙarin ruwa, sumarta ta zube ta sake fitowa, aka yi sadaka, kowa ya ɗauka magana ta wuce. Sai ciwon baya ya taso. Aka ce sanyi ne, aka ce tsugunon wanki ne, aka ce ai ta haura hamsin, dole baya ya yi magana. Wata biyar ana shafa man zafi kafin a yi hoto a ga abin ya sauka a ƙashin bayanta da ƙugu. Ranar da na je dubiya ɗakin cike yake da mata, tana zaune bakin gado ta tokare bayanta da filo biyu. Duk wadda ta shigo ta ce "sannu Hajiya, ya jiki?" sai ta ce "da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni kuwa ina zaune ƙasa daidai ƙafarta, ina kallon yadda ta damƙe zanin gado har jijiyoyin hannunta sun miƙe. Da ɗaki ya watse na ce, "Yaya, tsakani da Allah, ya jikin?" Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, sannan ta ce, "Kwana tara rabona da barci. Kuma kowa a gidan nan ya san abin da ke damuna, ni kaɗai ce ba a gaya wa ba."

To bari mu fara da abin da aka ɓoye mata. Sankarar mama, wadda wasu ke ce wa kansar nono, wasu su ce daji kawai, tana farawa ne daga ƙwayoyin halittar da ke cikin hanyoyin ruwan nono, su riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Muddin suna cikin nonon, ko sun tsaya a kaluluwar hammata, likita na iya sa ran tumɓuke su gaba ɗaya. Amma wasu sukan ɓalle su bi jini su je su yada zango a wani wuri, galibi ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne mataki na huɗu a lissafin likitoci. Kuma ko ta sauka a ƙashi ba ta zama sankarar ƙashi ba. Bakano ko ya shekara talatin a Ikko Bakano ne. Ita ma sankarar mama ce har yanzu, da magungunan sankarar mama ake tunkarar ta.

Tun 1889 wani likitan tiyata ɗan Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan mata 735 da cutar ta kashe, ya ga ba ko'ina take sauka ba, tana da wuraren da ta fi so. Sai ya kwatanta abin da iri da ƙasa: iri na iya faɗuwa ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsirowa. Ɗan manomi ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya kuma san wani irin yakan kwanta a ƙasa damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, bai motsa ba. Haka ƙwayoyin nan suke, suna iya lafewa shekara biyar, goma, har fiye, babu hoton da zai nuna su. Mawaƙiyar nan ta Ostareliya, Olivia Newton-John, a 1992 aka gano mata cutar. A 2017, shekara 25 bayan nan, ta ɗage wasanninta saboda ciwon baya, aka duba aka ga ta sauka a ƙashin ƙugunta. Ta rasu a 2022. Mai kuɗi ce, a gaban manyan likitoci take, amma ita ma ta ciwon baya abin ya ɓullo mata, kamar yayata.

Na kawo wannan ne saboda maganar da ba a rasa ji a tsakar gida: "Ai dama an ce kar ta yarda a yanka, daji ba ya son ƙarfe." Ba wuƙar likita ce ta watsa ta ba, ba allura ba ce, ba kuma ɗan naman da aka ɗeba don aunawa ba ne. Ƙwayoyin sun riga sun yi tafiyarsu tun kafin a kai ga aiki. Abin da ya sa wannan camfi ya zauna daram shi ne, matanmu da yawa ba sa isa asibiti sai abin ya ci jiki, a taɓa, ba da jimawa ba a rasa ta, sai a ɗora wa taɓawar laifi. A Amurka kimanin mace 6 cikin 100 ne ake tarar da cutar ta riga ta bazu a ranar farko. A Najeriya mafi yawan masu zuwa suna mataki na uku ko na huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an gano cutar ga mata miliyan 2.3 a duniya, ta kashe 670,000. A Najeriya kaɗai ana ƙiyasta sababbin masu kamuwa sun haura dubu 30 a shekara, masu rasuwa kuma kusan rabin wannan adadi. Maza ma tana kama su, sai dai ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Idan likita ya ce "wannan ba ta warkewa," abin da kunnen dangi ke ji shi ne "babu abin yi." Nan take sai a fara naɗe tabarma: a mayar da ita gida, sai addu'a. Alhali maganganun biyu ba ɗaya ba ne, tsakaninsu akwai tazarar watanni, sau da yawa shekaru. Gaskiya ne a yau babu maganin da aka tabbatar yana kawar da sankarar mama bayan ta bazu. Amma akwai magungunan da ke danne ta, su motsar da ƙari, su hana shi gaba na wani lokaci. Idan wannan ya gaji a koma wani. Wasu likitoci sukan kwatanta ta da ciwon suga ko hawan jini, wato cutar da ake zama da ita. Kwatancin na da amfani, sai dai kar a ja shi da nisa, don wannan ta fi su gaggawa da rashin tabbas. A Amurka kusan ɗaya cikin uku na matan da cutarsu ta bazu suna raye bayan shekara biyar. A wajenmu abin bai kai haka ba, kuma ba jikin ne ya bambanta ba, hanyar samun magani ce. Duk da haka lissafi na taron mutane ne, bai san wa'adin kowa ba. Duk likitan da ya ce miki saura wata kaza, kintace yake yi.

Kafin a zaɓi magani dole a san wace iri ce, don sankarar mama ba guda ɗaya ba ce. Akwai wadda ke cin abinci daga sinadarin mata na estirojin. Ita wannan yunwa ake sa mata. Tun 1896 wani likita a Gilasgo, George Beatson, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mai cutar ƙwan mahaifa ya ga ƙarin ya ja da baya. Yau ƙwaya ɗaya a rana ke yin wannan aiki: tamoxifen, ko letrozole da anastrozole ga wadda al'ada ta ɗauke mata. Ba su da tsada idan aka kwatanta da sauran, ba sa zubar da suma, kuma mace na iya shekara ko fiye a kansu tana harkokinta. Akwai sababbi irin su palbociclib, da aka amince da shi a Amurka a 2015, da ake haɗawa da su su ƙara tsawon lokacin, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Iri na biyu shi ne mai ɗauke da wani sinadari da ake kira HER2, kimanin ɗaya cikin biyar. Da can ita ce mai saurin kisa, har trastuzumab ya fito a 1998 ya sauya labarin. Ana yin sa duk mako uku, ana kuma duba zuciya lokaci-lokaci. Iri na uku ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, kuma an lura ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Ita kemo ce babban makaminta, ko ta ƙarin ruwa ko ta ƙwaya irin capecitabine.

Abin takaici, mata da yawa an yi musu aiki ba a taɓa yin wannan awon ba. Yayata na cikinsu. Sai bayan cutar ta dawo aka auna aka ga tata mai cin estirojin ce, aka ɗora ta kan ƙwaya ɗaya da safe. Don haka tambayar farko da ya kamata mai jinya ya yi ita ce: "Likita, an auna wace iri ce?"

Ga ƙashi kuma akwai ƙarin ruwa na zoledronic acid, duk wata ko duk wata uku, da ke rage karaya. A fara ganin likitan haƙori kafin a soma shi. Akwai kuma gashi, wato haska wurin da na'ura. Mutane na tsoron sunan, suna zaton wuta za a kara musu, alhali kwanciya ce ta 'yan mintoci, ba a jin komai a lokacin. Ga ciwon ƙashi, sau da yawa zama ɗaya tak yana kawo sauƙi cikin 'yan makonni. Matsalar ita ce injinan kaɗan ne ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. A arewa an san Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar sai a 2021 aka fara gashi a cibiyar yaƙi da cutar daji ta Yamai. Ko ina za a je, a buga waya a tabbatar injin na aiki kafin a ɗora mai ciwon baya a mota.

Sai zafin ciwo, inda "da sauƙi" ta fi yin ɓarna. Likita ba boka ba ne. Yana da mutum hamsin a layi, ya ce "Hajiya ya jiki?" kin ce da sauƙi, zai rubuta abin da ya rubuta wancan karon ya kira na gaba. Wata nas ce ta koya mana dabara. Ta ce a sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare, kullum Yaya ta ba ciwon maki daga sifili zuwa goma, ta faɗi inda yake, da lokacin da ya fi tsanani, da ko ta yi barci. Ƙaramar 'yarta ce ke rubutawa. Na ga shafin farko da idona: "Talata, ƙugu, 9, ba barci. Laraba, ƙugu da cinya, 9, ba barci." Da aka miƙa wa likita littafin bai sake tambayar ya jiki ba, ya jawo takarda ya rubuta mofin.

Nan aka yi rigima a gida. Maigidanta ya ce shi ba za a mayar masa da mata 'yar ƙwaya ba. Ban ga laifinsa ba sosai, duk wanda ya ga abin da tiramol da kodin suka yi wa samarinmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, dole ya ji tsoro. Wata gwaggonmu kuma ta ce ai mofin sai wanda ake jiran lokacinsa. Duka biyun kuskure ne. Mofin na sha, idan likita ya tsara shi ga mai ciwon daji, ba maye yake sawa ba, ciwon yake kashewa, kuma ba ya jawo ajali. Ruwa ne a kwalba, ana auna shi da sirinji marar allura a tsiyaya a baki duk awa huɗu. Ƙa'idarsa ita ce a sha kan lokaci, kar a jira sai ciwo ya taso, don ciwon da ya riga ya miƙe ya fi wuyar kwantarwa. Kwanakin farko yakan sa gyangyaɗi da tashin zuciya, su wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, saboda haka tare da maganin sassauta ciki ake ba da shi tun ranar farko. Daren da Yaya ta fara sha ta yi barci har aka idar da sallar asuba ba ta motsa ba, 'ya'yanta na ta leƙa ta suna duba numfashi. Da ta farka kunun gyaɗa ta nema.

Wannan fanni na rage raɗaɗi reshe ne mai zaman kansa a likitanci. Cicely Saunders ce ta kafa tubalinsa a Landan a 1967, ita ce ta nuna cewa ciwon mai irin wannan cuta ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, na iyali, na tunanin makoma, kuma kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta. Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kai tsarin Yuganda a 1993 da mofin na ruwa mai araha, har ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. A nan ma wasu asibitocin koyarwa suna da sashen. Tura mutum can ba sallama ba ce. Ana iya haɗa shi da kemo da gashi tun daga farko.

Akwai alamomin da ba a kwana da su, kuma ina roƙon duk mai jinya ya riƙe su. Ciwon baya da ya zo da nauyin ƙafa, ko ƙafa ta riƙa mutuwa, ko fitsari ya riƙa zuba ko ya ƙi fita: wannan ƙari ne ke danne laka, kwana ɗaya na iya raba mai tafiya da wadda ba za ta sake takawa ba. Ba wurin mai tausa ko maɗori za a je ba. Zazzaɓin da ya kai 38 ga wadda ke kan kemo, kar a ce maleriya ce a aika kemis. Kemo na karya garkuwar jiki, ƙaramar cuta na iya kisa cikin sa'o'i. Ƙishirwa mai yawa da ruɗewa da yawan barci na iya zama sinadarin ƙashi ne ya cika jini, ba aljanu ba, kuma ƙarin ruwa na gyara shi. Haka numfashi sama-sama, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ciwon kai da amai, ko jijjiga, ko ido ya yi shawara.

Wata wahalar ba a son faɗinta, ita ce gyambo. Idan ƙari ya fashe a ƙirji yakan yi ruwa da wari, mace ta daina fitowa tsakar gida, ta tura jikokinta waje, ta yi ta turare ba ya rufewa. Na ga wata a layin asibiti ta koma can ƙarshen benci ita kaɗai ta ja mayafi har hanci, ba don warin wani ba, don nata. Warin nan ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, kuma yana da magani mai sauƙi: ma'aikatan jinya kan wanke da ruwan gishiri, su daka ƙwayar Flagyl su barbaɗa, su rufe da bandeji mai man da ba ya manne wa miki. Cikin 'yan kwanaki wari ya ragu. A nemi nas ta koya wa mai jinya. Abin da ba a so shi ne a cusa garin magani, ko toka, ko a ɗaura ganye, wannan jini da ruɓa yake ƙarawa.

Da na ambaci garin magani, ba zan tsaya jayayya da masu shelar maganin daji a lasifika ba. Zan dai ce na ga gidan da aka sayar da fili aka kai wa mai magani, da aka dawo asibiti babu ko kuɗin ƙwaya. Kuma duk abin da ake sha a gefe a gaya wa likita, don hantar da cuta ta taɓa ba ta da ƙarfin ɗaukar jiƙe-jiƙe. Masu cewa a hana ta nama da suga da mai su ma su sassauta. Mace mai rama ba ta buƙatar doka, a ba ta abin da ranta ke so kaɗan-kaɗan, ko fura ce, ko farfesu, ko alale.

Mu koma kan ɓoyewa. Da kyakkyawar niyya ake yi, ana cewa kar hankalinta ya tashi. Amma mace ba yarinya ba ce. Tana ganin an ja maigida gefe, tana ganin ƙannenta sun fito da jan ido, tana jin jikinta. Abin da ɓoyewa ke yi shi ne ya bar ta ita kaɗai da tsoronta, ita tana yi musu "da sauƙi," su suna yi mata "kin kusa warkewa," kowa na gadin kowa. Ba cewa na yi a jefa mata magana kamar dutse ba. A tambaye ta me ta fahimta, me take son sani. Wata tana son komai dalla-dalla, wata za ta ce a yi magana da babban ɗanta, kuma wannan ma zaɓinta ne. Ranar da likita ya zaunar da Yaya ya yi mata bayani ta yi kuka, ba shakka. Washegari ta sa aka kira matar da ke riƙe da adashinsu, ta lissafa bashin da ake bin ta da wanda take bi, ta sa aka rubuta wasiyya, ta ce a matso da bikin 'yarta daga bayan babbar sallah zuwa kafin azumi. Da an ci gaba da ɓoye mata, da wa zai yi mata waɗannan? Kuma ita ce ke da ikon cewa wannan kemo ta ishe ni, ko a ƙara gwada wani. Jikinta ne ke ɗauka.

Yara ma suna ji. Ɗan shekara takwas da ba a gaya wa komai ba yakan ƙirƙiri nasa bayanin, wani har ya ɗauka rashin jinsa ne ya kwantar da uwarsa. A gaya masa daidai hankalinsa: Umma na da ciwo mai suna kaza, ba a ɗauka, ba laifin kowa ba ne. 'Ya'ya mata da ƙanne kuwa su faɗa wa likita akwai cutar a gida, don wani kason ana gadonsa.

Ga 'yan dubiya ina da ƙorafi. Dubiya lada ce, amma mutum goma sha biyar a ɗaki tun hantsi har la'asar azaba ce, ga mai garkuwar jiki a karye kuma haɗari ne idan da mai mura a ciki. A bar ba ta labarin wance da irin wannan ciwo ya kashe cikin wata biyu. A bar "ki cire damuwa," kamar damuwa ɗankwali ce. Addininmu ma bai hana hawaye ba, kuma wadda ta ce tana jin tsoro ba imaninta ne ya yi rauni ba. Ya sauƙaƙa mata ta yi sallah a zaune ko a kwance, ta yi taimama idan ruwa zai cutar da ita, ta ajiye azumi idan magani ya buƙaci haka. Idan baƙin ciki ya kai ta daina ci, ta daina magana, makonni suna wucewa, shi ma ciwo ne da ake yi wa magani, a faɗa wa likita. "In kina buƙatar wani abu ki faɗa" kuwa ba taimako ba ne, kun san ba za ta faɗa ba. Wadda ta ce "ni zan riƙa kai yara makaranta," ko "girkin Alhamis nawa ne," ko ta karɓi kwanan asibiti don 'yar da ke jinya ta samu ta runtsa, ita ce ta yi dubiya.

Maza kuma, kalma ɗaya. Na san wanda ya koyi wankin miki da hannunsa, na san wanda ya ƙaurace wa ɗakin tun ranar da aka cire nono, ya fara neman aure tana kwance. Cutar nan ba a ɗaukarta ta kwanciya, ko ta kwano, ko ta numfashi. Matarka ta fi buƙatar ka zauna bakin gadon fiye da ledar lemo da ka aiko yaro da ita.

Kuɗi shi ne dutsen da kowa ke tuntuɓe da shi. Gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu cutar daji a 2021, sankarar mama na cikin waɗanda ya shafa, kuma asibitocin Shika, Gombe da Abuja na cikin na farko da aka fara da su. Ba ya wadatar da kowa, amma a je ofishin walwala na asibiti a tambaya, a kuma bincika abin da inshorar lafiya ke ɗauka. Akwai ƙungiyoyi irin su Medicaid Cancer Foundation ta Dokta Zainab Shinkafi Bagudu, da Project Pink Blue a Abuja, masu aiki a wannan fage. Kuma babu kunya a ce wa likita, "Ga abin da muke iyawa a wata, tsara mana a kansa." Gara maganin da za a ɗore da shi da mai tsadar da za a yi sau biyu a tsaya. Duk Oktoba ana cika gari da kyalle ruwan hoda ana shelar a duba nono da wuri, kuma daidai ne. Sai dai matan da nasu ya riga ya bazu rana ɗaya aka ware musu a watan, 13 ga Oktoba, ita ma a nan ba kowa ya san da ita ba.

Yau shekara biyu da wata bakwai ke nan da aka ga hoton nan na Yaya. Ƙwayar farko ta riƙe ta shekara ɗaya da rabi kafin a ga tabo a hanta, aka sauya mata wata, wadda ke sa tafin hannunta ya yi ja ya tsattsage, kullum da man shafawa a gefen filo. Da sanda take tafiya. An yi bikin, ita ta zauna kan kujera tana nuna inda za a jera kwanuka, ta kuma ga jikan da aka haifa. Littafin nan na makin ciwo yanzu na huɗu ake ciki. Har gobe idan baƙi suka shigo "da sauƙi" take ce musu, ban kuma hana ta ba.

'Yar'uwa mai karatu, idan akwai irinta a danginku, ki je dubiyar, ki gaisa kamar kowa. Amma ki jira ɗaki ya watse, ki matsa kusa, ki sake tambaya. Abin da ta faɗa miki ki rubuta shi, ki bi ta asibiti ranar da za ta koma, ki miƙa wa likita.